Ranar Da Elmer Ya Ƙona Tuta

Mijin yayata, Elmer Kroupa, ya yi shekara uku a soja lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma iyakar saninmu jinin da ya zubar bai wuce na babban yatsansa ba. Dankali ya yi ta ferewa a wani bariki a Kansas har aka gama yaƙin. Amma duk ɗan garin namu na Nebraska babu mai kishin ƙasa kamarsa. Aski ne sana'arsa, kuma in aka sa taken ƙasa a rediyo, sai ya ƙame ya dafa ƙirji, ya bar mutum da kumfa a haɓa har a gama.

Shekara ashirin da biyu shi ke riƙe tuta a gaban fareti ranar tsofaffin sojoji, cikin Nuwamba. Wannan ce sarautarsa a duniya. Dokokin tuta kuwa ya haddace su tsaf: kada ta taɓa ƙasa, kada a bar ta cikin ruwan sama, a ninke ta sai ta fito kusurwa uku. In ta tsufa ba a jefa ta a shara, ƙona ta ake yi cikin girmamawa. Ya ishe mu da gyara. Ni kaina ya taɓa tsayar da mota don ya gaya mini tawa ta karkace.

A 1968 aka kira ɗansa Duane, aka tura shi yaƙin Vietnam. Da safen da ya tafi Elmer ya ɗaga sabuwar tuta a ƙofar gida, ya rantse ba zai sake ta ba sai Duane ya dawo. Ba a daɗe ba 'yarsa Marcy ta zo hutu daga kwaleji, ta faɗa a kan teburin abinci cewa yaƙin nan ƙarya ne, 'ya'yan talakawa kawai yake ci. Elmer ya doki tebur har romo ya malale a kan sabuwar rigata. Ya ce mai irin wannan bakin ba za ta ci abincinsa ba. Ta ɗauki jakarta. Wata goma sha ɗaya ba su yi magana ba, sai dai yayata Arlene ta kai saƙo ta kawo, tana rage masa yaji a hanya.

Iskar Nebraska ba ta san rantsuwa ba. Kafin bazara tutar ta yi fata-fata. Arlene ta yi ta faci har facin ya fi tutar yawa. Lyle Brandt, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya zo aski ya tuna masa doka, Elmer ya yi kunnen uwar shegu, ya kuma aske masa gefe ɗaya fiye da ɗaya.

Duane ya dawo a Satumban 1969 da hannu biyu da ƙafa biyu, muka gode wa Allah. Sai dai ba ya magana. Yakan wuni a baranda yana kallon titi. Tutar da aka yi ta wahala a kanta, ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba. Abin ya ci wa Elmer rai, ni ma na ji tausayinsa, duk da ban saba ba.

Wata Laraba cikin Oktoba ya ce lokaci ya yi da za a sallami tutar. Ya sa tsohon kakinsa, maɓalli uku suka ƙi shiga. Ya hura wuta a rabin ganga a ƙofar gida, don a cewarsa shara ake ƙonawa a bayan gidan. Ya ɗora tutar, ya ja da baya, ya sara. Abin da bai sani ba shi ne, ranar ce ɗaliban kwaleji suka fito zanga-zangar ƙin yaƙi, kuma ta layin su Elmer za su bi.

Suna shawo kwana suka ga tsohon soja cikin kaki, tuta na ci da wuta a gabansa, hawaye na zuba masa. Hayaƙi ne, amma wa ya tambaya? Suka ɗauki sowa, suka kewaye shi. Wani mai gemu ya rungume shi, wata ta soka masa fure a aljihu. Shi kuwa a dokarsa ba a motsi, ba a magana, sai tuta ta zama toka. Haka ya tsaya ƙam, idanu kamar za su faɗo. Marcy na cikinsu, kuma ita kaɗai ta san abin da ke faruwa. Ta zo ta tsaya a damarsa, ta dafa ƙirji. Nan mai hoton jarida ya same su.

Washegari na kai musu burodi, na tarar da jaridar a baranda: tsohon soja ya ƙona tuta don ƙin yaƙi. Duane ya ɗauka ya duba, ya dubi ubansa, sai ya fashe da dariya, har ya zame daga kujera. "Baba, har da fure?" Wannan ce dariyarsa ta farko tun dawowarsa. Arlene ta shige kicin tana kuka.

Masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa. Lyle ya kira taro. Kowa a wurin ya san gaskiyar zancen, don shi kansa Lyle yakan ƙona tsofaffin tutoci duk shekara. Amma ya ce abin kunya ya riga ya fita, dole a wanke. Ko Elmer ya rubuta wa jarida cewa duk waɗanda ke cikin hoton nan maciya amanar ƙasa ne, ko ya ajiye tutar fareti. Ina wurin, ni ke zuba musu kofi.

Elmer ya zo da takardarsa a rubuce, ya yi kwana uku yana gyara ta. Ya miƙe, ya gyara murya, sai idonsa ya faɗa kan hoton da ke kan tebur. Ya daɗe yana kallo.

"Lyle, wannan mai gemun, faɗi duk abin da ka ga dama, ko sunansa ban sani ba, ga warin albasa. Amma dubi wadda ke damata. Duk taron nan ita kaɗai ta dafa ƙirji yadda ya kamata. Ni na koya mata."

"Elmer, ka san abin da za ka rasa?"

"Na sani."

Ya ninke takardar, ta fito kusurwa uku don hannu ya saba, ya sa a aljihu.

Ranar fareti Lyle ne ya riƙe tutar. Elmer ya tsaya a bakin titi kamar kowa, Marcy a damarsa, Duane a hagunsa, shi Elmer yana ta mita wai Lyle ya riƙe sandar kamar mai zuwa kamun kifi. Da tutar ta iso ya sara, Marcy ta dafa ƙirji. Duane bai cire hannu daga aljihu ba, bai kuma cire hula ba. Na ga Elmer ya gani, na jira faɗa. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana gyara wa gari tsayuwa bai gyara ta Duane ba. Da hannun hagu ya laluba ya kama hannun rigar ɗansa, bai saki ba har fareti ya wuce.