Kanwar Malam

Ni ba mai yawo ba ce, ko a garinmu Gesekeru ma ban cika wuce ƙofar gida ba, amma kunnena yana zuwa inda ƙafata ba ta je ba. Daga madafa nakan gane ƙarar motopom, injin ban-ruwan maigidana Malam, a cikin na mutane, can bakin kogin Komadugu inda yake ba tattasai ruwa. In ta yi shiru na san ya taho, sai in ɗora shayi.

Da tashin hankalin nan ya kore mu zuwa Diffa, muka sauka a gidan wani ɗan'uwana mai kanti, kunnen nan ne ya fara gaya mini akwai abin da ke damun Malam. In zai tafi masallaci ina jin takalminsa, sai ya tsaya, sai ya ci gaba, sai ya sake tsayawa. Na tambaye shi, ya ce gaisawa yake da mutane. Na ce wane mutane, ai ban ji muryar kowa ba. Nan ya faɗa mini sha-raɓarsa ke ɗaurewa, sai ya huta take saki.

A likita, wato asibiti, wata doktoro ta auna shi ta ce tansiyo ya hau, hawan jini ke nan, kuma kitse ya daskare a cikin jijiyoyin jini, hanya ta tsuke, jini ba ya isa ƙafa yadda ya kamata. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ɗaga wata ƴar fara ta ce a jikin jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan gishirin jiki ke shiga yana fita. In wani irinsa ya shiga da yawa jijiya ta ƙanƙance, wannan ƙwaya tana tura ƙofar ne don jijiya ta saki. Malam ya gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi, ya ce ai haka yake toshe bakin fangali da laka ya buɗe wani. Sai ya tambayi ƙofar da za a taɓa kitsen ya fita. Ta ce masana suna kan nema, ba su kai ga samu ba tukuna.

Ya dawo gida da wannan magana a ransa. Shi dai burinsa ɗaya, ranar da aka ce a koma gona ƙafarsa ta kai shi. Bai ga dalilin jiran masana ba. Ya zauna yana kallona ina wanke tukunyar miya, ya ce, "Ke ƴar Damagaram, me kike sa wa maiƙo ya tashi?"

Na ce kanwa.

"To, shi ke nan."

Ya aika garin Maine aka kawo masa kanwa mai kyau, irin wadda ake ba raƙuma, yana jiƙa ta a ƙwarya yana sha da safe kafin koko. Wa zai ce masa a'a? Tun muna yara da ita ake wanke ciki. Maƙwabcinmu, wani tsoho da ya gudo daga Damasak, yana tsokanarsa wai ya kusa fito da tozo, Malam kuwa yana cewa shi dai ya jira ya ga wanda zai riga wani zuwa kogi.

Ƙafafu suka kumbura, kai ya dinga sara. Da muka koma likita doktoro ta ji labarin kanwa, ba ta yi faɗa ba, ta dafe goshi kawai. Ta ce kanwa ƴar'uwar gishiri ce, shi yana tura ƙofa da ƙwaya yana kuma tara mata ruwa. Malam ya bar kanwa, kumburin ya sauka, amma tsayawar nan a hanyar masallaci ba ta ragu ba. Daga baya ma sai a tsakar gida yake salla.

Shekarar da aka bar mutane su leƙa gonaki da rana, ƙanensa ya ɗauke mu a mota har Gesekeru, daga nan a amalanken shanu. Ni ma na bi, ni da ba na zuwa ko'ina. Kogi ya kawo ruwa, gonar ta cika da ƙaya. Malam ya sauka ya nufi gangare, na ji takun, na ji ya tsaya. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Ya zauna a kan tudu yana gaya wa ƙanensa inda hanyar ruwa ta bi da, inda za a fara sara, da cewa kada ya yarda ya dasa kafin sanyi ya shigo.

Da za mu juya ya ce in gangara in ɗebo masa ruwan a buta. Na ɗebo, ya yi alwala a nan zaune, ya daɗe yana wanke ƙafafun.