Gurbi a Kan Kanta

Kawuna ya shekara ashirin yana sayar da tsofaffin laftof, kuma ba ya sakar wa ɗalibai fuska. Ranar da na je neman ƙarama mara nauyi, ta karatu da ɗan wasan gem, sai ya nufi kanta. Ya buɗe min guda shida. A kowace, maɓallai huɗun da ake wasa da su sun cinye, sauran kamar sababbi.

"Kowa karatu ya ce min," in ji shi. "Duk masu shidan nan jami'a ta sallame su, suka dawo min da su."

Ni da taurin kai, na zaɓi ɗaya. Kawu ya goge gurbinta da tsumma, ya hana a ajiye komai a wurin.