Ƙwarurun Inna

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba, na dawo gidanmu, wani ƙauye kusa da Filingué, da ɗiyata ta fari a baya. Karan hatsi duk ya bushe a tsaye. Abin da ya rage kore shi ne gefen gona mai rairayi, inda inna take shuka ƙwaruru, wato gurjiya.

Da na yaye yarinyar sai ta fara ramewa, gashinta ya yi ja. Na kai ta likita, aka ce a ba ta nama da ƙwai da madara. Babu inda zan samo su, don makiyaya sun daɗe da yin kudu da shanunsu.

A makon ne ƙanwata mai karatun noma a Yamai ta zo hutu, muka bi inna gona tonon ƙwaruru. Ta tumɓuke gindi ɗaya, ta kakkaɓe ƙasa, ta nuna mana wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar.

"Ni ai cuta na ɗauke su," in ji inna.

"A'a inna, wasu halittu ne a ciki, ido ba ya ganinsu. Su ke jawo taki daga iska, su ciyar da shukar, su bar wa ƙasa saura."

"Daga iska? Wagga da muke shaƙa?"

Ƙanwata ta fasa ƙulli ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar tsoka. Sannan ta ɓare ƙwaya ta aza mini a tafin hannu. "Yaya, a nan akwai garin da ke ƙosarwa irin na hatsi, akwai abin gina jiki da ake nema a nama, har da ɗan mai."

Na daɗe ina juya ƙwayar. Tun ina ƙarama nake cin ta dafaffiya don marmari, ban taɓa sanin abin da Allah ya tara a cikinta ba. Inna ta ce "Subhanallahi," ta zauna a kan rairayi tana ta duban saiwar.

Muka shanya, muka soya sama-sama, muka daka, na riƙa dama wa yarinyar kunu haɗe da garin hatsi. Da farko tofarwa take yi. Kafin sanyi ya wuce kumatunta sun ciko, ta kama bin awaki a tsakar gida, sai an riƙo ta.