Kwanon Mma Azara

Akwai ranar da mantuwa ta ƙi ɗauke mini, wata Laraba cikin damina, gab da in ajiye aiki, da aka turo mini Alhaji Seidu daga ɗakin likita. Tunda ku ɗalibai kun ce in ba ku labari kafin ku fara shiga gidajen mutane, wannan zan ba ku. Ba na dariya ba ne.

A lokacin ni ce babbar jami'ar kula da abincin marasa lafiya a wani asibiti nan Tamale. Ga wanda bai san aikin ba, likita yana rubuta magani, mu kuma muna rubuta tukunya. Idan aka turo mai ciwon suga ko hawan jini, sai mu zaunar da shi da mai dafa masa, mu ji abin da ya ci tun jiya, sannan mu tsara masa abincin mako. Mun fi matsa wa na dare, domin a nan mutanenmu ke ɓarna: a cika ciki da tuwo, a kwanta a kansa.

Alhaji Seidu tsohon direban babbar mota ne, mazaunin unguwar Kaladan. Ga suga, ga gyambo a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa, ga baki. Ya zo da matarsa, Hajiya Fati. Na tsara musu mako: yau wake da ganye, gobe tuwon gero dunƙule ɗaya da miyar ayoyo, jibi tubani ba mai da yawa. Daddawa da busasshen kifi su ba miya ɗanɗano, gishiri ya ja baya. Kuma duk gidan su ci iri ɗaya, don kada maigida ya zauna yana kallon kwanon wasu kamar maraya.

Alhaji ya saurara har na gama, ya ce, "Madam, wannan abinci ne ko horo? Dunƙule ɗaya! Ko akuyata aka yi wa haka sai ta kai ƙara."

Bayan wata guda suka dawo. Suga yana nan inda muka bar shi, gyambo kuwa ya ƙara faɗi. Hajiya ta rantse ba ta saɓa ko kwana ɗaya ba. Likita, wani matashi daga kudu mai son aikinsa, ya ce mini in ba a shawo kan sugan ba yatsan zai tafi, kuma yatsa bai cika tafiya shi kaɗai ba. Aka ce in kai ziyarar gida. Ƙa'idar ziyara ita ce ka je lokacin cin abinci. In ka je da safe, tsakar gida shararriya kawai za ka gani.

Na isa bayan la'asar. Tukunyar Hajiya ba abin gyara, ko a makaranta da ta ci jarrabawa. Bayan magariba Alhaji ya ci wakensa yana tsaki. Ina shirin tashi sai ga wata tsohuwa siririya ta shigo da kwano a rufe, ta durƙusa, ta ajiye a gabansa. Ya buɗe. Tuwon masara da garin rogo ne maƙil, da miyar gyaɗa mai na yawo a kai. Ya wanke hannu, ya ci fiye da rabi. Tsohuwar ba ta motsa ba sai da ya ce, "Mma Azara, Allah ya yi albarka." Sannan ta ɗauki kwanonta ta fita.

Matar wansa marigayi ce. 'Ya'yanta uku duk sun riga ta, tana zaune a wani ɗaki bayan gidan, tana sayar da daddawa. Tun rasuwar mijinta kwanon nan bai taɓa fashi ba.

Na ce, "Alhaji, kwanon nan ne zai cinye maka ƙafa."

Ya ce, "Na sani. Ai ba jaki ba ne ni." Ya rage muryar rediyo. "Tsohuwa ce, ba miji, ta binne uku. Ni kuma ga ni da ciwon da ya ƙi magani. Kin san abin da unguwar nan ke jira? Ranar da kwanon nan ya koma a rufe, an gama shari'a. Ina ci ne don a ga ina ci."

Bai ambaci maita ba, ni ma ban ambata ba. Duk wanda ya girma a arewacin ƙasar nan ya san inda irin wannan magana ke kai tsohuwa.

Muka yi shawara a riƙa kai mata gero da wake a asirce, ta shiga cikin tsarin makon, kwano ya ci gaba da zuwa amma abin ciki ya sauya. Ya ce in ba shi lokaci ya nemo bakin da zai faɗa mata, don ko wannan ma in ya fito a karkace zargi ne. A rahotona na rubuta abin da na gani: mara lafiya yana cin abincin dare sau biyu.

Lokacin bai samu ba. Ɗansa Rashid ya zo daga Kumasi, shi ya rako uban ganin likita, likita kuma ya karanta rahoto ya faɗa masa gaskiya: a daina na biyun. Rashid ya biyo ta ofishina. Na ce ya bi a hankali, na faɗa masa dalili.

Ya ce, "Madam, ƙafar ubana ce, ba ta unguwa ba. In an yanke, su za su ara masa tasu?"

Bai yi ƙarya ba. A yammacin nan ya tare Mma Azara a ƙofar gida, daidai lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, ya mayar mata da kwanon a rufe. Ya ce asibiti ne ya hana. Ba wanda ya riƙe batun asibitin.

Tsarinmu kuwa ya yi aiki. Suga ya sauka, gyambo ya bushe, littafi bai kunyata mu ba. Sai dai unguwa ma ta yi nata binciken, da hujja iri ɗaya da tamu: ya daina cin abincinta, ya warke. Mu muka ce tuwo ne, su suka ce hannu ne. Aka daina sayen daddawarta. Wani jariri ya yi zazzaɓi, samari suka yi ta jifan kwanon rufin ɗakinta. Alhaji ya fito da sanda yana zagi, amma warkewarsa ta fi bakinsa ƙarfi. Wata asuba wani danginta ya ɗauke ta a babur zuwa wani ƙauye can gabas.

Zuwansa na ƙarshe, Alhaji ya shigo ofishina da ƙafarsa, ya zauna, ya cire takalmi.

Ya ce, "Ga su nan, Madam. Ƙirga, ba wanda ya ɓata."

Na ce alhamdu lillahi. Na tambaye shi labarin Mma Azara.

"Na je in dawo da ita, ta ƙi. Ta ce can ba mai kallon hannunta." Ya daɗe yana mayar da takalmin. "Da zan taho, ta tambaye ni ko ina samun abinci."

A fayil ɗinsa an rubuta cewa ya samu sauƙi, kuma haka ne.

Abin da na koya shi ne, a garin nan abincin dare ba abinci ba ne kaɗai. Shaida ce da ake bayarwa kullum a gaban jama'a, cewa wane ba ya tsoron wance. Ku tsara makonku da kyau, ilimin gaskiya ne, yana ceton ƙafafu. Amma kafin ku soke wani kwano, ku tambayi hannun da ke kawo shi, ku je ku zauna da mai hannun tun kafin ku rubuta komai. Mara lafiya yana da kati, yana da likita, yana da ku. Wadda ta dafa ba ta da kowa a asibitin nan.