Ƙwarin Waken Tani Mai Ƙosai

Duk unguwar Kara-Kara babu wanda bai san Tani mai ƙosai ba, kuma duk kasuwar Dole babu mai sayar da wake da ke murnar ganinta. Sauran mata da jaka suke zuwa cefane, ita kuwa da kwalba, cike da ƙwarin wake masu rai. 'Yan duwan take kiran su, wato ma'aikatan binciken kaya a kan iyaka. Sai ta ɗebi wakenka a tafin hannu ta zuba musu, ta ce sai gobe. In sun kwana suna yawo, ta sayi buhu. In suka miƙe ƙafa, to an barbaɗa wa waken maganin ƙwari ke nan, kuma kafin azahar duk layin ya ji sunanka.

Ba taɓin hankali ba ne. Shekarun baya ta sayi wake fari tas, ko rami ɗaya babu, ta soya, 'yarta Aliya ce ta fara ci. Yarinyar ta yi kwanaki a likita, rai a hannun Allah. Tun daga nan Tani ta yanke hukunci: abin da ƙwaro ya ƙi ci, ita ma ba ta ci.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta kori masu neman aurenta kamar kaji a kan shanya, har Illa ya bayyana, wani manomin Mirriya mai furfura da kunyar yara. Gaskiya Tani ta kamu. In ya zauna a bencinta, ƙosai ƙonewa yake yi.

Rannan ya kawo toshi, buhun wake mai sheƙi.

"Kyauta ce fa, Yaya Tani," in ji maƙwabciyarta. "Ki bar 'yan duwan su huta."

Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Ta zuba musu, tana addu'ar su kwana lafiya. Da gari ya waye duk sun kwanta ƙafa a sama. Tani ta zauna ta yi kuka sosai, kuma ba ƙwarin take yi wa ba.

Da Illa ya zo ta ɗora masa kwalbar a cinya.

"Malam Illa, ka kashe mini ma'aikata."

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi kunya na ji. Ƙaƙa zan kawo miki wake mai rami? Shi ne na ƙara masa magani."

"Don kada ka ji kunya sai a binne ni? Ɗauki kayanka ka shuka. In na ji ka sayar wa mai ci, sai Mirriya ta yi maka kaɗan."

Ya ɗauka ya tafi, bai waiwayo ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, bencin wayam, kwalbar ma wayam, don ta rasa zuciyar sake cika ta. Ta tabbata bakinta ya kore shi, ta yi ta cizon yatsa.

Sai wata safiya ya sauko daga motar Mirriya da ƙwarya a hannu, waken ciki duk rami, ƙwari na hawa har kan hularsa. Matan layi suka kwashe da dariya, wai wane irin bazawari ne wannan.

"Ga sababbin ma'aikata," ya ce, "in har kina ɗauka."

Tani ta buɗe kwalbar ta miƙa masa ya zuba da hannunsa. Sannan ta ce ya turo manyansa, ta juya ta kwashe ƙosan da ya riga ya ƙone.