Saudatu Jumare, Wadda Ta Tsaya wa Clara

Shekara goma sha tara ke nan, duk ranar aiki ƙarfe takwas da kwata Hajiya Saudatu Jumare take sauka daga bas a bakin wani ƙaramin laburare na council, wato ƙaramar hukuma, a Salford ta Birtaniya. Ita ke buɗe ƙofa, ta kunna hita, ta zauna a teburin da ke kusa da injin kwafi. Mai son cike fom ɗin gida, da wanda wasiƙar GP, wato likitan unguwa, ta rikita, duk wurinta suke nufa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ban ji wanda ya shirya mata taro ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanenmu na Old Trafford sun san ta a matsayin matar Injiniya Sunusi. Kaɗan ne suka san Faransanci ta karanta a Zariya, balle abin da ta yi da shi.

A shekarar 2012, lokacin da gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu har ma'aikatan laburaren suka koma biyu daga biyar, wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Sunanta Clara, Bayahudiya ce, tsohuwar tela mai shekara tamanin da huɗu. Ta miƙa wa Saudatu wasiƙa da Faransanci, ta ce idonta ya daina gani sosai, ko akwai mai karanta mata?

Kafin a karanta, sai da ta faɗi mafarin zancen. A 1943, lokacin da 'yan Nazi ke kwashe Yahudawan Turai suna kai su sansanonin kisa, tana da shekara goma sha biyar. "Motar da ta zo ƙofar gidanmu ba ta soja ba ce," in ji ta. "Bas ce irin wadda nake shiga zuwa makaranta. Direban ma na san shi." Bas ɗin ta kai su tashar jirgin ƙasa, ita da iyayenta da ƙanwarta Perla mai shekara tara. Ita kaɗai ta dawo.

Kamfanin da ya ba da motocin yana nan da ransa, ya bunƙasa, har yana neman kwangila a Birtaniya. Clara ta rubuta masa tana neman ya buɗe ɗakin ajiyar takardunsa, ya kuma amsa laifinsa da bakinsa. Amsar ce a hannun Saudatu. Ta karanta: suna jajanta mata, amma babu wata takarda da ta rage daga wancan zamani.

Saudatu ta ninke wasiƙar ta ce, "Mama, ladabin wasiƙar nan ya yi yawa. Ban yarda da ita ba."

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Lokacin cin abincin rana da ranakun Asabar ta riƙa rubuta wa gidajen adana tarihi na ƙetare, wani ya amsa, wani ya yi shiru. Labari ya bazu, waɗanda suka tsira irin Clara suka fara neman Saudatu, har suka kai bakwai, biyu daga Birmingham. Shugabarta a wurin aiki, Catherine, ta ja ta gefe ta ce wannan ba ya cikin aikinta, kuma ta tuna mata ana shirin sake rage ma'aikata.

"Aikina in nemo wa mutum takardar da yake nema," in ji Saudatu. "Nuna mini inda aka rubuta ban da Clara."

Daga baya aka mayar da ita kwana uku a mako. Ta karɓi kwana biyun da aka zaftare ta zuba su a binciken.

A cikinmu ma ba a ƙyale ta ba. Ina wurin, a wani taron suna a Ardwick, Alhaji Habu ya ce mata, "Hajiya, duk matsalolin Musulmi ba su ishe ki ba, sai na Yahudawa?"

Ta ajiye faranti ta dube shi. "Alhaji, yarinya 'yar shekara tara aka ɗauka a bas aka je aka kashe. In akwai addinin da ya ce sai na tambayi addininta kafin in ji zafi, to ba shi iyayena suka koya mini ba." A cikinmu ba wanda ya sake tayar da zancen.

Bayan shekara biyu wani ambulan ya iso. A ciki akwai kwafin takardar fitar da motoci, da hatimin kamfanin, da kwanan wata, da sunan titin su Clara, da jerin mutanen da aka ɗauka.

A 2014 aka kira zaman jin ra'ayin jama'a a Birmingham kan kwangilar bas da kamfanin ke nema. Saudatu ta ɗauki hutu ta raka Clara da wasu tsofaffi biyu. Lauyan kamfanin ya tashi ya ce tilasta musu aka yi a wancan lokaci, kuma takardu duk sun salwanta. Da aka zo kan Clara sai ta miƙe, ta dafa kafaɗar Saudatu ta ce, "Karanta musu."

Saudatu ta karanta da Faransanci, ta fassara da Turanci, suna bayan suna. Tana tsaka da yi shugaban zaman ya ce minti ukun da aka ba su ya cika.

Clara ta buga sandarta a ƙasa. "Shekara saba'in da ɗaya na jira. Ku jira ta gama."

Suka jira. Saudatu ta kai kan sunan Perla, ta karanta shi, ta ci gaba har sunan ƙarshe. Lauyan bai sake ɗago kai ba.

Ba zan ce an yi cikakkiyar nasara ba. Kwamitin ya ɗage yanke shawara, bayan wata takwas kamfanin ya buɗe wa masu bincike ɗakin ajiyar da ya rantse babu komai a ciki. Ya kuma aiko da wasiƙar "takaici", wadda babu kalmar laifi a cikinta ko sau ɗaya. Kafin ta iso, biyu cikin bakwai ɗin sun rasu. Clara ta sa aka mayar musu da abarsu. Yau shekararta casa'in, kuma duk ranar Alhamis Saudatu na gidanta suna tsara wasiƙa ta gaba.

Saudatu, ke ce kika ƙi a maida mutane shara saboda sun tsufa. Ke ce aka tsorata ki da aiki, aka tsorata ki da bakin mutane, ba ki ja da baya ba. Jaruma mai sanyin murya, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ku kuma ɗalibanmu da ke jami'a, da likitoci da injiniyoyi, kowannenku yana da abin da ya iya wanda wani tsoho a unguwarsa ke buƙata. Ku miƙa hannu, kada ku tsaya tambayar inda yake ibada. Kamfanin nan jira yake tsofaffin su ƙare, zancen ya bi su. To, a sanar da shi cewa Saudatu Jumare ta bar aikin council ne kawai. Ranar Litinin wasiƙa ta arba'in da ɗaya za ta kama hanya.