Da Sauƙi, Yaya

Ƙanwata ita ce autar gidanmu, kuma har yau Auta nake ce mata, ko da yake tana da jikoki. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu na gado, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Katanga ɗaya ce ta raba sashenta da nawa. Sana'arta turara shinkafa: ta sayi shanshera, ta jiƙa, ta turara a durom, ta shanya, a kai inji.

Ni kuwa rabin rayuwata a waje na yi shi. Na yi fataucin goro a Kumasi, na zauna Ikko, na yi Khartum, na daɗe a Jidda ina tsaron kanti kusa da wani asibiti. Ina jin Larabci da Turanci da Yarbanci, da ɗan abin da ba a rasa ba na Ashanti. Saboda haka da ciwo ya kama Auta, ba a ma yi shawara ba, kowa ya san ni zan kai ta Kano. Likitoci suka ce ciwon daji ne a ƙwan mahaifa. Aka yi mata tiyata, aka yi ta ƙara mata ruwan magani har gashinta ya zube, ta rame kamar kara. Allah Ya sa ta tashi.

Ranar da aka sallame mu, likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce mana ciwon nan yakan dawo. Ta ce gwajin jini da hoto suna da amfani, amma sau da yawa mai jikin ce take fara ji. Don haka wata nas za ta riƙa kira lokaci lokaci tana tambayar Auta yadda take ji, kafin ranar dawowa asibiti.

"Daga bakinta muke so mu ji, Baba," in ji ta. "Ba daga bakinka ba."

Na ce ai na fahimta sarai, a Jidda ma haka suke yi. Wayar Auta ta daɗe da faɗawa cikin ruwan jiƙo, sai na ba da lambata.

Nas ɗin takan kira da hantsi. In wayar ta yi ƙara sai in leƙa ta katanga in kira Auta, ta goge hannu a zani ta zo ta zauna a bakin tabarmata. Ni kuma in buɗe sifika in ajiye wayar a tsakaninmu, don in wata kalmar asibiti ta fito in fassara mata. Ban taɓa ba da amsa a madadinta ba, kuma ina alfahari da hakan. Zama kawai nake yi, da carbina a hannu.

Nas ta tambaya: cikin yana kumbura? Kina ƙoshi da wuri? Marar tana ciwo? Fitsari fa, yana yawan matsa miki? Bayan gida yana fita yadda aka saba?

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau. Da sauƙi, alhamdu lillahi."

In an kashe wayar har tsiya nake yi mata. Nakan ba ta labarin matan Kumasi, waɗanda in likita ya tambaye su sai su kama hannunsa su ɗora a wurin da ke ciwo. Ko Misirawan da na gani a Jidda, mutum ya zo da ciwon haƙori amma ya fara bayani tun daga ƙafarsa. Nakan ce mu Hausawa ne kaɗai za a same mu a gadon mutuwa a ce yaya jiki mu ce da sauƙi.

"To Yaya, me kake so in ce? In yi wa Allah butulci?" Haka takan ce, ta yi dariya ta koma wajen durom ɗinta.

Haka muka yi noman rani gaba ɗaya. Na duƙufa a gonar tumatir ɗina ta wajen Kadawa, rabon ruwa da neman kwanduna suka cinye mini hankali. Na lura ta daina ɗaukar buhu, na ce tsufa ne. Na ga kwanon tuwonta yana dawowa da saura, na ce zafi ne.

Wata rana da yamma ina alwala a gindin katangar, sai na ji muryar maƙwabciyarmu, ƙawarta tun suna 'yan mata, tana taya ta kwashe shanya.

"Ke wai wannan cikin na waye? Ki faɗa mana mu fara tanadin suna."

"Allah Ya shirye ki. Da tsufana?"

"To zanin nan da da yake zagaye ki har ya yi saura, yanzu da ƙyar yake haɗuwa. Loma biyu kin ture kwano. Kin gaya wa 'yar asibitin?"

"In gaya mata a ina? A gaban Yaya? Yana zaune yana jan carbi, ni in buɗe baki in ce fitsari yana matsa mini, bayan gida ya ƙi fita? Wannan mutumin shi ya goya ni zuwa makarantar allo. Gara in haƙura."

"Ki ce ya tashi mana."

"Wayarsa ce. Tabarmarsa ce. Kuma shi gani yake taimako yake yi."

Ruwan butar ya ƙare a ƙasa ban sani ba. Ni da nake yi mata wa'azin matan Kumasi, na manta cewa ko a Kumasin ban taɓa ganin mace ta yi wannan bayanin yayanta namiji yana zaune ba. A Jidda ma labule suke ja, su ce maza su fita. Na gani da idona, ni kaina an sha fitar da ni. Amma da abin ya zo gidanmu sai na shimfiɗa tabarma na zauna.

Ban jira nas ta kira ba. Da gari ya waye ni na kira ta, na ce ƙanwata tana da magana. Na kashe sifikar, na miƙa wa Auta wayar ta saman katanga.

"Ga 'yar asibiti. Ni zan je duba ruwa, zan daɗe."

Ta dube ni, na kau da kai. Ba ta tambaye ni ko na ji wani abu ba, ni ma ban faɗa ba. Na tafi bakin magudanar ruwan da ke shayar da gonakin bayan gari, na zauna a kan siminti ina kallon masu dashe. Babu ruwan da zan duba, ba ranar rabona ba ce. Da na dawo wayar har ta yi zafi. Auta ta ce, "An ce mu zo gobe."

Ciwon ya dawo. Ruwa ya taru a cikinta, shi ne yake danne mata numfashi da abinci. Da aka zuƙe shi ta yi wata ajiyar zuciya, ta ce rabon da ta kwanta rigingine tun kafin a dasa tumatir. A ranar ta cinye kwanon shinkafa da wake.

Na tare likitar a baranda na tambaye ta ko da mun zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ta ce ba za ta iya ce mini e ba, domin wannan ciwon in zai dawo yakan dawo, ko an gano da wuri ko ba a gano ba. Amma ta ce da an rage mata wahala tun tuni. Wannan ita ce maganar da ta zauna mini. Duk ranakun da nake lissafin kwandunan tumatir, Auta tana bayan katanga tana barci a zaune.

Yanzu an sake sa ta a ruwan magani, gashin da ya fito ya sake zubewa. Ba mu san yadda za ta kaya ba. Na saya mata waya, ta ɗaure ta da zare a wuya don kada ta sake faɗawa jiƙo. In nas ta kira, nakan ji ƙarar ta katanga, sai in ɗauki hulata in fita.

Da safe kuwa in na leƙa na ce, "Auta, yaya jikin?" har gobe cewa take, "Da sauƙi, Yaya." Nakan ce Allah Ya ƙara sauƙi, in wuce. Wannan amsar tawa ce, ba za ta taɓa ba ni wata ba. Abin da nake tambayar maƙwabciyar kawai shi ne ko Auta da nas sun daɗe a waya. In ta ce sun daɗe, sai in tafi gona.